Adireshin IP da na imel: shin doka na ɗaukar su a matsayin bayanan mutum?

Sani Mile 12:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga lauyoyi da injiniyoyinmu da ke nan Legas.

Wata ƙungiyar 'yan kayan gwari a Mile 12 tana da shafin intanet da otal-otal da gidajen abinci na Ikeja, Lekki da Victoria Island ke saka odar tumatir, tattasai, attaruhu da albasa. An gina shi a kan manhajar WordPress da WooCommerce, ɓangarenta na ciniki, masu rajista sun haura 1,000. Ba a karɓar NIN ko BVN, kuɗi ma ta wani kamfanin biyan kuɗi yake bi. Abin da shafin ke ajiyewa shi ne suna, imel, lambar waya, wurin kai kaya, sai kuma adireshin IP, wato lambar da na'ura ke shiga intanet da ita, wanda saba (kwamfutar da shafin ke zaune a kanta) ke rubutawa da kanta.

Gardama ta tashi a kan abu biyu. Mai kula da shafin ya ce IP lambar na'ura ce, ba ta mutum ba, don haka dokar kare bayanai ba ruwanta da ita. Ya kuma ce yawancin imel ɗin na wurin aiki ne, an buga su a katin kasuwanci, ba sirri ba ne. Na biyu, wani mai talla yana so a ba shi jerin imel ɗin don ya nuna musu talla a Facebook, ya ce zai niƙa su da SHA-256 tukuna, wato lissafin da ke juya kowane adireshi zuwa jerin haruffa da lambobi, ta yadda ba wanda zai iya karanta su, don haka wai ba sai an nemi izinin kowa ba.

Tambayata: a dokar Najeriya, ina gaskiyar take? In har bayanan mutum ne, me ya wajaba a yi a aikace?

Barista Hauwa:

Wa alaikumus salam Malam Sani. A shafi irin wanda ka bayyana, duka biyun bayanan mutum ne. Akwai togiya, zan zo kanta.

Matsalar ta fara ne daga kalmar "sirri". Mun saba cewa "bayanan sirri", sai mutum ya ɗauka doka tana kare abin da aka ɓoye ne kawai. Ba haka ba ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023, ba ta tambayar ko abu a ɓoye yake ko a fili. Sashe na 65 ya ce bayanan mutum su ne duk wani bayani da ya shafi mutumin da aka gane shi ko ake iya gane shi, kai tsaye ko ta wata hanya, ta amfani da abin shaida kamar suna, lambar shaida, bayanin wurin da yake, ko abin da ke shaida shi a intanet. Wannan na ƙarshen shi ne gidan da IP da kukis (ƙananan alamomin da shafi ke ajiyewa a burauzar mai ziyara) suka faɗa. Lambar motarka kowa na ganinta a kan titin Ikorodu, amma ba wanda zai ce ba ta shafe ka ba, tunda akwai ofishin da in aka kai masa lambar zai fito da sunanka.

Kafin wannan dokar, ƙa'idar kare bayanai ta NDPR da hukumar fasahar zamani ta NITDA ta fitar a Janairun 2019 ta ma ambace su da suna: adireshin imel, adireshin IP, da lambobin shaidar na'ura da layi irin MAC, IMEI, IMSI da SIM. Yanzu ba a aiki da NDPR, umarnin aiwatar da doka na GAID da Hukumar Kare Bayanai ta NDPC ta fitar a Maris 2025 ya maye gurbinta, ya fara aiki a Satumbar 2025. Amma kada wani ya ce tunda sabuwar dokar ba ta jero su ɗaya bayan ɗaya ba an cire su. Faɗaɗa ma'anar aka yi, ba ƙuntata ta ba.

Imel tukuna, don ya fi sauƙi. Kashi uku nake raba shi.

Wanda ke ɗauke da sunan mutum, irin suna da sunan mahaifi a gaban gmail.com, ba ya buƙatar muhawara. Wanda ba suna a jikinsa, sai laƙabi da lambobi, shi ma bayanan mutum ne, domin mutum ɗaya ne ke buɗe akwatin, ka aika saƙo shi zai karanta, kuma a shafinku yana jere da suna da lambar waya. Na wurin aiki mai sunan ma'aikaci, kamar na jami'in sayayya na wani otal, nan ne aka fi yin kuskure. Otal ɗin ne ya mallaki akwatin, amma adireshin ya faɗi sunan mutum da inda yake aiki, bayani biyu ke nan a layi ɗaya. Buga shi a kati bai fitar da shi daga doka ba. Ya ba ka kati don ka neme shi a kan kaya, bai ba ka don ka miƙa wa mai talla ba.

Togiyar ita ce adireshin ofis zalla, irin info@ ko sales@ na babban kamfani, wanda mutum biyar ko goma ke dubawa. Doka tana kare ɗan Adam ne, ba kamfani ba, don haka wannan a karan kansa ba bayanan mutum ba ne. Amma gidan abincin da mace ɗaya ce mai shi, ita ce mai sayayya, ita ce mai duba saƙo, info@ ɗinta ita ce. Tunda ba za ku iya zama kuna tantance adireshi 1,000 ɗaya bayan ɗaya ba, ku riƙe jerin gaba ɗaya a matsayin bayanan mutane.

Sai IP. Hujjar "ai na'ura ce" an riga an kai ta kotu a Turai, kuma ta faɗi. Patrick Breyer, ɗan siyasa a Jamus, ya kai ƙarar gwamnatin ƙasarsa saboda shafukanta na ajiye IP ɗin maziyarta. Ranar 19 ga Oktoban 2016 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ko IP mai canzawa ne, wanda mai shafin shi kaɗai ba zai iya sanin na wane ne ba, yana zama bayanan mutum a hannun mai shafin muddin akwai halattacciyar hanyar da zai bi, misali ta hukuma, a haɗa shi da abin da kamfanin sadarwa ke riƙe da shi a gano mutumin. Hukuncin bai ɗaure kotunan Najeriya ba, amma ma'anar da ke cikin dokarmu kusan ɗaya take da ta GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, kuma zai yi wuya lauya ya tsaya a gaban alƙali a kan wannan batu ba a jawo masa shi ba. Dokar Kalifoniya ta CCPA ita ma ta lissafa IP da imel da sunansu.

A nan gida hanyar haɗawar ta fi ta Jamus gajarta. Tun Disambar 2020 aka tilasta haɗa kowane layi da NIN. Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya wajabta wa masu ba da sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga da na masu layi na shekara 2, su kuma miƙa wa jami'an tsaro idan an nema bisa ƙa'ida. Daga IP zuwa layi, daga layi zuwa NIN, daga NIN zuwa hoto da zanen yatsa. Sarƙar a haɗe take.

Injiniya Kabiru, Yaba:

Barista ta yi daidai a doka, amma akwai abin da ya kamata a sani game da yadda layukanmu ke aiki, saboda sarƙar nan tana da mahaɗar da ke yawan tsinkewa, kuma rashin sanin haka yana jawo a zargi wanda bai ji ba bai gani ba.

Adireshin IPv4, wato tsohon tsarin IP, gaba ɗaya a duniya 4,294,967,296 ne, sun kuma daɗe da yin karanci. Don haka kamfanonin waya ba sa ba kowane layi nasa adireshin na waje. Suna amfani da abin da ake kira CGNAT: wayarka tana samun adireshin cikin gida, sannan a bakin fita a haɗa ta da wasu wayoyin a ƙarƙashin adireshi ɗaya. Kowa zai iya gwadawa. Kashe wayfai, kunna data, shiga saitin waya wajen bayanin na'ura ka duba IP. Yawanci za ka ga ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127. Sai ka buɗe shafin da ke nuna IP ɗinka, za ka ga wata lamba daban. Ta biyun ita saba ke rubutawa, kuma ba kai kaɗai ke amfani da ita a wannan daƙiƙar ba.

Abin da ke bambanta ku shi ne lambar ƙofa. Kowane adireshi yana da ƙofofi 65,535. A matsayin lissafi kawai: idan kamfani ya ware wa kowane layi ƙofa 1,000, adireshi ɗaya zai ɗauki layi kusan 64 a lokaci guda, idan ya ware ƙasa da haka adadin ya ƙaru. Saboda haka kafin kamfanin waya ya iya cewa "wannan layin ne", sai an kai masa abu uku: adireshin, lambar ƙofar da aka fito ta ita, da lokaci daidai har daƙiƙa. Kundin ziyara da manhajojin saba irin nginx da Apache ke rubutawa a tsarinsu na asali ba ya ɗauke da lambar ƙofar. Lokaci kuma, saba da yawa a kan agogon duniya na UTC suke, mu kuma muna gaba da awa 1. Wanda ya kwafi lokaci bai faɗi na wane yanki ba ne, ya nuna wani mutum daban da ya riƙe adireshin awa ɗaya kafin ko bayan abin.

Haka batun wuri. Sau da yawa mutum na zaune a Kano ko Gusau amma IP ɗinsa ya nuna Legas, domin ta nan layinsa ke fita zuwa intanet. IP ba ya nuna gida ko unguwa. Duk wanda ya ce ya gano lungun da mutum yake a Agege da IP kaɗai, bai faɗi gaskiya ba.

To amma kada mai kula da shafinku ya ɗauki wannan a matsayin nasara, Malam Sani, don akwai wurare uku da maganar ta juye.

Otal ko ofis mai layin fayiba sau da yawa yana da tsayayyen adireshi wanda ba ya canzawa wata da watanni. Idan ƙaramin gidan abinci ne, mutum ɗaya ko biyu ke bayansa.

IPv6 kuma, sabon tsarin IP, ba ya buƙatar wannan cunkoson. Kowane layi ko rauta yana samun kason adireshinsa, galibi rabin farko, wato bit 64 daga cikin 128. Waya tana canza rabin ƙarshe lokaci zuwa lokaci don kare mai ita, amma rabin farkon yana nuna layi ɗaya ko gida ɗaya muddin haɗin bai canza ba.

Na uku shi ne wanda ya kashe gardamar a shafinku. WooCommerce tana rubuta IP ɗin mai saye a jikin kowace oda, buɗe oda ɗaya a ɓangaren gudanarwa za ka gan shi. WordPress kuma tana ajiye IP da imel ɗin duk wanda ya yi sharhi a layi ɗaya cikin teburin wp_comments. Nan ba kwa buƙatar kamfanin waya ko kotu: suna, lambar waya, wurin kai kaya da IP duk suna wuri ɗaya. Kuma da zarar kun san IP ɗin wane a ƙarfe kaza, kun iya komawa kundin saba ku ga duk shafin da ya buɗe a wannan zaman da irin wayar da ya yi amfani da ita.

Inda nake so a kiyaye shi ne a raba abu biyu: IP ya isa a kira shi bayanan mutum a kare shi, amma bai isa hujjar da za a ce wane ne ya yi odar bogi ba.

Sani Mile 12:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To Barista, tunda haka ne, sai a daina ajiye IP gaba ɗaya, ko sai an sa kowa ya danna "na yarda" kafin ya shiga? Mai kula da shafin ya ce da shi yake toshe masu gwada kalmar sirri dare da rana. Sannan ba a taɓa maganar niƙa imel ɗin ba.

Barista Hauwa:

A'a, ba a ce a daina ba. Kasancewar abu bayanan mutum bai haramta taɓa shi ba, sharaɗi ya ɗora: ka kasance da dalilin da doka ta sani, ka faɗa wa mai shi, ka tsaya a kan dalilin, ka goge idan buƙata ta ƙare. Sashe na 25 ya jero dalilan, kuma amincewa ɗaya ce kawai daga cikinsu. Imel ɗin da ake aika rasit da sanarwar kai kaya yana ƙarƙashin cika yarjejeniyar ciniki, ba ya buƙatar wani izini daban. IP da ake ajiyewa don tsaron shafi yana ƙarƙashin halattacciyar buƙatar mai shafin. A shari'ar Breyer ɗin ma kotun ta yarda cewa mai shafi na iya samun irin wannan buƙatar don shafinsa ya ci gaba da aiki. Abin da ake so shi ne a rubuta a takarda: me ake ajiyewa, don me, na kwana nawa, wa ke iya gani. Sashe na 27 kuma ya ce a sanar da mutane, wato ya fito a bayanin kare sirri na shafin da harshen da za su fahimta.

Na gode da gyaran Injiniya. Ga kuma wani gargaɗi: kada kowa ya fake da shekara 2 ɗin nan ta sashe na 38. An yi ta ne don masu ba da hanyar sadarwa da masu ajiye bayanai a madadinsu. Mai sayar da tumatir ba zai ɗauke ta ya ce shi ma doka ta ce ya tara kundi na shekara biyu ba.

Maganar mai talla kuwa, a ƙi. Niƙa imel ba ya mayar da shi bayanin da ba na kowa ba, canza masa kama kawai yake yi. Ka tambaye shi: in ba a iya gane mutanen, ta yaya tallar za ta same su? Amsar ita ce Facebook na niƙa imel ɗin masu amfani da shi da hanya iri ɗaya, ya gwada da naku, duk inda suka yi daidai ya san wane ne. Gane mutum shi ne ainihin aikin. An karɓi imel ɗin don ciniki, miƙa shi ga wani don talla wata manufa ce daban, kuma GAID ta sa tallan kai tsaye cikin abubuwan da sai da amincewa. Sashe na 26 ya ɗora nauyin tabbatar da amincewar a kanku, ya kuma ce shiru ba yarda ba ce. Sashe na 36 ya ba mutum damar cewa a daina yi masa talla a kowane lokaci, kuma dole a daina. Ga kuma fitar da bayanan waje da ƙasa, wanda sashe na 41 zuwa 43 ke da nasu sharuɗɗan.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma ya shafe ku: a ƙa'idar NDPC, wanda ke sarrafa bayanan mutum sama da 200 cikin wata 6 yana shiga sahun masu muhimmanci da sai sun yi rajista da hukumar, kuma matakin yana hawa a 1,000 da 5,000. Ku ƙirga waɗanda kuka yi hulɗa da bayanansu a wata shidan da suka wuce. Tarar da sashe na 48 ya tanada ga wannan sahun tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa naira miliyan 2 ne ko kashi 2 cikin 100.

Maryam Obalende:

Bari in ɗora da ɓangaren aiki, don yawancin ɓarnar ba a kundin saba take faruwa ba, a wuraren da ba a kallo take.

A kan niƙa, ga dalilin da ya sa bai yi ba ko a lissafi. SHA-256 kullum amsa ɗaya yake bayarwa ga abu ɗaya. Adireshin IPv4 biliyan 4.3 ne kacal, kwamfuta mai katin hoto mai kyau tana niƙa biliyoyi a daƙiƙa, don haka cikin ɗan lokaci kaɗan za ta niƙa dukkansu ta gano wanne ne ya ba da naka. Imel ya fi yawa, amma ba sai an yi hasashe ba: jerin imel da aka sace daga shafuka daban-daban sun cika intanet, sai a niƙa su a gwada. Idan kuna buƙatar ƙirga maziyarta ba tare da ajiye IP ba, ku yi amfani da HMAC, wato niƙa tare da mabuɗin sirri, a canza mabuɗin kullum a zubar da na jiya. Muddin mabuɗin na nan, abin da aka niƙa bayanan mutum ne har yanzu.

Kundin saba ku raba shi biyu. Na farko da cikakken IP, don Fail2ban ko abin da kuke toshe masu kutse da shi ba zai yi aiki da guntun adireshi ba. Wannan ya zauna kwana kaɗan. Tsarin logrotate mai goge tsofaffin kundi, wanda ke zuwa da nginx a Ubuntu da Debian, yana buɗe sabon kundi kullum ya ajiye na kwana 14, wannan ya wadatar ga shafi irin naku, in kun ga dalili ku kai 30 amma ku rubuta dalilin. Na biyu don ƙididdiga, a mayar da kashin ƙarshe sifili, 203.0.113.57 ya koma 203.0.113.0, wato ya narke cikin adireshi 256. A IPv6 a bar bit 48 na farko a share sauran 80. Amma idan layin kundin yana ɗauke da lambar asusun mai saye, yanke IP bai amfana komai ba.

Idan shafin na bayan Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin mai ziyara da saba, duba da kyau. Saba za ta riƙa ganin adireshin Cloudflare ne, na ainihi yana zuwa a CF-Connecting-IP ko X-Forwarded-For. Kuskure biyu ke fitowa daga nan: ko a toshe Cloudflare ɗin da kansa shafin ya rufe wa kowa, ko a yanke adireshi a wuri ɗaya alhali cikakkensa na rubuce a wani gurbin.

Sai kwafin ajiya. Ba amfanin goge kundi bayan kwana 14 idan ana kwafe faifan gaba ɗaya duk mako ana jibgewa shekara uku a Google Drive ɗin wani. A sa wa kwafin wa'adi, a kulle shi da kalmar sirri, a san mutum nawa ke da mabuɗin. WooCommerce tana da wurin saita tsawon ajiyar odar da aka soke, wadda ta gaza da wadda aka kammala a ƙarƙashin saitin asusu da sirri, amma a buɗe yake zuwa, sai an cike shi da hannu. WordPress kuma tun fitowar 4.9.6 a Mayun 2018 tana da kayan fitar wa mutum bayanansa da na goge su, da imel ɗinsa ake nema. Ku gwada shi da asusun gwaji tun kafin wani ya nema.

Ku buɗe shafin a burauza, ku shiga kayan masu gina shafi (developer tools), ku duba jerin wuraren da yake kira. Duk rubutu, hoto ko ɗigon talla da ake ɗaukowa daga wani kamfani, burauzar mai ziyara ce ke zuwa ta karɓo, kuma ta bar IP ɗinsa a can. A Janairun 2022 wata kotu a Munik ta sa mai shafi ya biya maziyarci Yuro 100 saboda shafin na ɗauko salon rubutu kai tsaye daga Google Fonts ba da izininsa ba. Kuɗin kaɗan ne, gyaran ma kaɗan ne: a sauke fayilolin rubutun a ɗora a sabarku. Gravatar, mai kawo hotunan masu sharhi a WordPress, shi ma idan yana kunne, yana aika niƙaƙƙen imel ɗinsu waje. In ba kwa buƙatarsa ku kashe.

Kada imel ya taɓa shiga cikin mahaɗin shafi. Mahaɗin "cire ni daga jerin" ko na sabunta kalmar sirri da ke ɗauke da adireshin a fili zai sauka a kundin saba, a tarihin burauza, da kayan ƙididdiga. A yi amfani da lambar da aka ƙirƙira ba tsari, mai ƙarewa bayan wani lokaci.

Wanda ya fi kowanne yawan faruwa kuwa ba ya buƙatar ɗan kutse. Sakatare zai aika sanarwar sabon farashi, ya zuba adireshi 300 a gurbin To ko CC maimakon BCC mai ɓoye adireshi, kowa ya ga na kowa. A shafinku wannan na nufin kowane otal ya san abokan cinikinku da sunan mai yi musu sayayya. A wani wurin abin ya wuce haka nesa. A 2015 wani asibiti a Landan, 56 Dean Street, ya aika wasiƙar masu bibiyar sashen cutar HIV ga adireshi 781 a fili, 730 daga ciki da cikakken suna, aka ci tarar hukumar asibitin Fam 180,000 a 2016. A Disambar 2023 an ci tarar Ma'aikatar Tsaron Birtaniya Fam 350,000 saboda irin wannan kuskuren da adireshin 'yan Afghanistan 265 da ke neman a kwashe su bayan Taliban ta karɓi mulki. Ba abin da ya fita sai imel, amma jerin da adireshin ke ciki ya faɗi abin da zai iya halaka mai shi. Duk saƙon da ya wuce mutum kaɗan, a aika shi da manhajar da ke tura wa kowa nasa daban, kada a dogara da tunawar mai aikawa.

Idan hakan ta faru, sashe na 40 ya ba da awa 72 daga lokacin da kuka sani ku sanar da NDPC, in akwai yiwuwar cutarwa ga mutanen, kuma idan haɗarin babba ne a sanar da su kansu ba tare da jinkiri ba. Agogon yana fara bugawa ne daga sanda ma'aikacinku na farko ya gane, ba daga sanda shugaban ƙungiya ya dawo daga tafiya ba. Don haka tun yau a rubuta sunan wanda za a kira, da abin da zai tattara: ƙarfe nawa aka aika, adireshi nawa, me saƙon ya ƙunsa, da ko an roƙi waɗanda suka karɓa su goge.